Ƙamusun Oxford na masu koyon Turanci a ma'auni: yadda yake bi da kalmar *hand*

Ba da doguwar kalma ake gwada ƙamus ba. Kalma irin *photosynthesis* ma'anarta ɗaya ce, ko ƙamusun aljihu zai iya da ita. Inda ake gane nagartar ƙamus shi ne wajen gajerun kalmomin da ɗan aji ɗaya ma ya sani, musamman sunayen gaɓoɓin jiki: *head, hand, foot, heart, eye*. Kowacce daga cikinsu ta daɗe da barin jiki, ta shiga kasuwa da ofis da kotu da filin ƙwallo. Wannan sharhi ya ɗauki Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na 10 na takarda da kuma wanda ke intanet, ya auna shi da kalma ɗaya tak, wato *hand*, don a ga ko Bahaushe mai koyon Turanci zai shiga ya fito da abin da ya je nema.

Ƙamusun aikin wani malami ne ɗan Ingila, A. S. Hornby, wanda ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan. An fara buga shi a Tokyo a 1942, madaba'ar Jami'ar Oxford ta karɓe shi a 1948, bugu na 10 kuma ya fito a 2020. Tun farko an yi shi ne domin wanda ba da Turanci ya buɗe baki ba. Shi ya sa bai tsaya ga ba da ma'ana kaɗai ba, yana nuna yadda kalma ke zama cikin jimla da irin kalmomin da take tafiya da su. Ana kuma rubuta bayanan ma'ana da zaɓaɓɓun kalmomi masu sauƙi kusan 3,000, don kada a je neman kalma ɗaya a dawo da baƙi uku.

Tun a ma'ana ta farko akwai abin lura. Bayanin ƙamusun ya sa iyaka: *hand* daga wuyan hannu ne zuwa ƙarshen yatsu. Abin da ya yi sama zuwa kafaɗa sunansa *arm*. Mu kuwa kalma ɗaya muke da ita, hannu, tun daga kafaɗa har farce, kamar yadda ƙafa ta haɗe *leg* da *foot*. Wanda ya karye a damtse ya ce wa likita *I broke my hand*, ya tura shi duba wurin da ba shi ne ke ciwo ba. Wannan iyaka tana bin kalmar har cikin ma'anoninta na aro. Hannun kujera *arm* ne, hannun riga *sleeve* ne, tarbar baƙo hannu bibbiyu kuma *with open arms* ce. Wuri ɗaya sananne da Turanci ya yi irin namu shi ne dokar ƙwallon ƙafa, inda laifin *handball* ya haɗa da dukkan hannu har zuwa daidai ƙasan hammata.

Hanyoyin da kalmar ta bi ta bar jiki

Ƙamusun ya sa wa kowace ma'ana ɗan gajeren kanu a gabanta, irin su taimako, ma'aikaci, agogo, karta, rubutu, awon doki, yadda ido zai sauka inda ake so ba tare da an karanta komai da komai ba. Wannan tsari na daga cikin manyan dalilan da suka sa ya cancanci kuɗinsa. Sai dai kanun suna faɗa maka mene ne, ba sa faɗa maka me ya sa. Duk wanda ya karanta su a jere zai ɗauka ma'anoni ne barkatai da sai dai a haddace. Ba haka abin yake ba. Kusan dukkansu sun fito ne daga tambaya ɗaya: me hannu yake yi?

Hannu yana aiki. Daga nan sai aka kira mai aikin da sunan gaɓar da ake buƙata a jikinsa: *farmhand* ɗan ƙodago a gona, *factory hand* lebura a masana'anta, *deckhand* ma'aikacin jirgin ruwa. Idan aka ce wuri yana *short-handed*, ma'aikata ne suka yi ƙaranci. Kiran *all hands on deck* na jirgin ruwa ne, lokacin da hadari ya taso ake son kowa ya fito saman jirgi, yau kuma shugaban ma'aikata ko gwamna zai faɗe shi yana nufin kowa ya sa hannu. Daga aiki aka samu taimako, *give me a hand* ko *lend a hand*. Daga yawan aiki aka samu ƙwarewa: *an old hand* wanda ya ga jiya ya ga yau a sana'a, *a dab hand* gwani a bakin mutanen Birtaniya, *try your hand at* gwada wani abu karon farko, *turn your hand to* iya kama kowane irin aiki. Rubutu ma aikin hannu ne, don haka *a neat hand* kyakkyawan rubutu. Tafi aikin hannu ne, don haka *give her a big hand* a tafa mata sosai.

Hannu yana riƙewa, kuma nan ne reshen da ya fi kowanne 'ya'ya. Abin da ka riƙe naka ne, kai ke juya shi, kai za a tambaya idan ya lalace. Mallaka da iko da alhaki duk sun fito daga tushe ɗaya. Gida ya *change hands* idan an sayar da shi. Mara lafiya yana *in good hands* idan masu kula da shi sun san aikinsu. Magana ta zama *out of my hands* idan ta wuce ikona. *My hands are tied* na nufin ina so amma doka ko na sama sun hana. Wanda ya samu *the upper hand* ya yi rinjaye. Wanda aka ba *a free hand* an sakar masa mara ya yi yadda ya ga dama. Yadda ake riƙon ma ya zama hali: *heavy-handed* mai amfani da ƙarfin da ya wuce kima, *high-handed* mai yanke hukunci ba shawara, *even-handed* mai adalci, *underhand* mai bi ta bayan fage. Idan mutum ya sha wuya *at the hands of* wasu, su ne suka gana masa azabar.

Hannu yana miƙewa ya taɓa abin da ke kusa, shi ne asalin *at hand* da *on hand* da *to hand*. Labarin da ka samu *first-hand* daga tushe ka same shi, *second-hand* kuwa ya bi ta hannun wani, ko labari ne ko mota ta hannu. Hannu biyu ne, dama da hagu, daga nan aka samu *on the left-hand side* da *on the one hand, on the other hand* da *right-hand man*, na hannun daman shugaba. Hannu yana nuni, shi ya sa sandunan agogo suka zama *hands*, kamar dai yadda muke cewa hannun agogo.

Saura kuma sun shigo ne ta ƙofar wasu sana'o'i da wasanni na Turawa, kuma su ne suka fi ba ɗalibi wuya domin ba ya ganin hoton da ke bayansu. A karta, *hand* shi ne katunan da aka raba wa ɗan wasa. Wanda ya san haka ya gama da maganganu da yawa a lokaci guda: *show your hand* bayyana shirinka, *force someone's hand* tilasta masa ya yi motsi kafin lokacin da ya so, *overplay your hand* ɗaukar ƙarfinka fiye da yadda yake har ka yi asara, *strengthen someone's hand* ƙara masa ƙarfi a teburin ciniki. Jaridun Ingila da Amurka cike suke da waɗannan a labaran siyasa. Shi kuwa *win hands down* daga sukuwar dawaki ya fito: mahayin da ya yi wa saura nisa ba ya buƙatar matsa wa doki, sai ya sauke hannuwansa ya sassauta linzami. *Wash your hands of* daga labarin Bilatus, gwamnan Romawa, ne a Injilar Matiyu 27:24, wanda ya wanke hannu gaban jama'a don ya nuna ba ruwansa, abin da za mu kira tsame hannu. *Caught red-handed* tsohuwar magana ce daga Sikotilan, mutumin da aka kama da jini bai bushe a hannunsa ba, wato an kama shi dumu-dumu.

Awon doki ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin masu dawaki da 'yan folo a Kano da Katsina da Kaduna suna cin karo da shi a takardun dawakin da aka shigo da su. *Hand* ɗaya inci 4 ne, wato santimita 10.16, kuma ƙamusun ya ba da wannan daidai. Ana aunawa daga ƙasa zuwa tudun da wuya ya haɗu da baya. Abin da ke rikita mutane shi ne yadda ake rubuta shi. Idan aka rubuta 15.2, ba goma sha biyar da ɗigo biyu na lissafin makaranta ba ne. Hannu 15 ne da inci 2, jimla inci 62, kusan santimita 157.5. Lambar da ke bayan ɗigon ba ta wuce 3, daga 15.3 sai 16. Wanda ya buga 15.2 sau 4 a kwamfuta zai samu inci 60.8, ya rage wa dokin fiye da inci guda. Mu ma da jiki muke awo, taƙi da kamu da gaba, bambancin kawai nasu faɗin tafin hannu ne aka tsayar masa da adadi.

Sashen adon magana, inda ƙarfinsa da rauninsa suka haɗu

Bayan ma'anoni masu kanu sai dogon jerin maganganun da ba a fassara su kalma-kalma. A na takarda alamar IDM ce ke buɗe shi. An jera su bisa haruffa, abin da ke sauƙaƙa nema amma yana wargaza dangantaka, kamar a zuba gero da dawa da masara a buhu ɗaya. *Force someone's hand* da *show your hand* 'yan gida ɗaya ne, amma babu abin da ke nuna wa mai karatu haka. Wannan shi ne babban gibin ƙamusun. Ƙamusun Macmillan, wanda ya fara fitowa a 2002, yana da akwatuna na musamman da ke tara maganganu ƙarƙashin hoton da ya haife su, amma an rufe shafinsa na intanet a 2023. A Oxford, malami ko ɗalibi ne zai yi wannan tarawar da kansa. Hanya mai sauƙi ita ce a raba shafin littafin rubutu gida-gida, aiki, riƙo, kusanci, ɓangare, karta, a riƙa jefa kowace sabuwar magana a gidanta tare da jimla ɗaya da mutum ya ƙirƙira da kansa.

Akwai kuma dokar nema da mutane da yawa ba su sani ba, har su ce ƙamusun ba shi da abin da yake da shi. A na takarda, ana bayanin adon magana ne a ƙarƙashin kalma mai nauyi ta farko da ke cikinsa, suna ko aikatau ko sifa. Don haka *bite the hand that feeds you* yana wajen *bite*, *a bird in the hand* yana wajen *bird*, *wash your hands of* yana wajen *wash*. Amma aikatau gama-gari irin *have, get, give, take* ba a lissafa su, shi ya sa *have your hands full* yake zaune a *hand*. A ƙarshen jerin akwai ɗan layi mai tura ka zuwa sauran kalmomin. Kada a tsallake shi. A intanet an huta da wannan, domin an tara maganganun a shafi ɗaya, kuma ana iya rubuta maganar gaba ɗayanta a akwatin nema. Kuɗin wannan sauƙi shi ne tsawo: a waya sai an yi ta jan shafi, ga tallace-tallace a tsakani ga wanda ke amfani da na kyauta. Dabarar ita ce a yi amfani da umarnin nemo kalma cikin shafi da ke manhajar buɗe intanet, a rubuta ƙaramar kalmar da ke tare da *hand*.

Ƙaramar kalmar nan ita ce komai. Nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa a tambayoyin fassara ma'anar jimla na WAEC da NECO da JAMB, kuma nan ne ƙamusun ya fi nuna gwaninta, domin ya ware kowacce da misalanta. *At hand* kusa ne, a wuri ko a lokaci: jarrabawa ta ƙarato. *On hand* a shirye ake, akwai likita a wurin idan an buƙace shi. *To hand* na Birtaniya ne, abin yana inda hannu zai kai. *In hand* na da fuska biyu: aikin da ake kai yanzu, ko abin da ya rage a ajiye, kamar *a game in hand*, wato kwantan wasa. *By hand* da hannu aka yi, ba da inji ba, ko kuma an kai takarda hannu da hannu ba ta gidan waya ba. *Out of hand* ma fuska biyu: *the crowd got out of hand* taro ya gagari masu tsaro, amma *they rejected it out of hand* sun yi watsi da shi nan take ba tare da sun duba ba. Aikatau ɗin da ya gabata ne ke bambanta su.

Sai harafin *s* na jam'i da kalmar mallaka, waɗanda ido kan tsallake. *On hand* daban, *on your hands* daban: na biyun nauyi ne ya faɗo maka, matsala ko lokacin da ba ka san yadda za ka yi da shi ba. *Out of hand* daban, *out of my hands* daban. *At hand* ba ya da alaƙa da *at the hands of*. *Show your hand* tona shiri ne, *a show of hands* ƙuri'a ce ta ɗaga hannu. Ƙamusun yana nuna wannan ta hanya biyu: yana rubuta maganar da baƙin rubutu mai kauri a siffar da take zama, kuma yana sa alamar tilo ko jam'i a gaban ma'ana. Ma'anar taimako, alal misali, tilo ce kullum kuma da *a* a gabanta. Ana cewa *give me a hand*. Idan aka ce *give me your hand*, an koma ga hannun jiki, miƙo hannunka in riƙe. Babu *give me hands* ko da mutum goma ake roƙo.

Hatta wurin da murya ke sauka yana sauya ma'ana, kuma na takarda yana sa 'yan alamomin nauyin murya a jikin maganganun. *Second hand* da nauyi a kalmar farko shi ne hannun agogo mai ƙirga daƙiƙa. Da nauyi a kalma ta biyu, kayan gwanjo ne. A intanet ana iya danna alamar lasifika a ji furucin Birtaniya da na Amurka.

Matakan nema, ga wanda ya ci karo da *hand* a jimla bai gane ba, su ne waɗannan. A fara duba ko suna ce ko aikatau, domin gida biyu ne a ƙamusun. Idan aikatau ce, a dubi kalmar da ke bin ta: *hand in* miƙa aiki ga malami ko na sama, *hand out* rarrabawa, *hand over* miƙa mulki ko ofis ko mai laifi, *hand down* gadar wa na baya ko yanke hukunci a kotu, *hand back* mayarwa. Waɗannan suna ƙarƙashin alamar PHR V. Idan suna ce, a dubi abin da ke gabanta da bayanta, a lura ko tilo ce ko jam'i, sannan a fara da sashen adon magana kafin a koma ga ma'anoni masu kanu, domin idan jimla ta gagara, galibi adon magana ne. Daga ƙarshe a karanta ɗan lakabin da ke gaban ma'anar. Wanda aka yi wa alamar *informal* bai dace da takardar neman aiki ba. Wanda aka ce *old-fashioned*, kamar neman *her hand in marriage*, za a gan shi a littafi amma ba a cika jin sa a hira ba. Akwai kuma bambancin ƙasa: ɗan Birtaniya kan je roƙo *cap in hand*, Ba'amurke *hat in hand*.

Abin da ba zai faɗa wa Bahaushe ba

Ƙamusun Turanci zalla ne, an yi shi don duniya baki ɗaya, bai san da wane harshe kake tunani ba. Wannan ba laifinsa ba ne, amma dole mai saye ya sani. Hausa ma ta aika hannu aikace-aikace da yawa, kuma wani lokaci harsunan biyu suna haɗuwa har abin ya ba da sha'awa. Da hannunsa a ciki daidai yake da *he had a hand in it*. Hannu baka hannu ƙwarya na kusa ƙwarai da *living from hand to mouth*. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka na tafiya da *many hands make light work*. Wannan dacewar ce ke sa ɗalibi ya saki jiki, ya ɗauka ko'ina haka ne.

Ba haka ba ne. Ya ba shi hannu a wajenmu gaisuwa ce, *he gave him a hand* kuwa taimako ne ko tafi, gaisuwar ita ce *shook hands*. Mai sakin hannu *open-handed* ne ko *generous*, ba wanda yake da *a free hand* ba. Ɓarawo yana hannu na nufin yana tsare, Turancinsa *in custody*, alhali *the matter is in hand* na nufin ana kan magance lamarin. Sa hannu a takarda *sign* ne kawai. Hannun jari *shares* ne, babu hannu a ciki ko kaɗan. Direban da ya bar hannunsa ya bar *lane* ɗinsa ne. Mai hannu da shuni da hannunka mai sanda ba su da takwara mai ɗauke da *hand*. Don irin wannan sai an haɗa da ƙamus mai harshe biyu, kamar na Turanci zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta fitar a 1990, a fara da shi, sannan a zo Oxford a tabbatar da yadda kalmar da aka samu take zama a jimla.

Haka kuma Turancin Najeriya yana da nasa lanƙwasar. *Handwork* a bakinmu sana'ar hannu ce, ɗinki ko kafinta ko walda. Bature zai ce *trade* ko *craft*, kuma kalmar da ta yi kama da ita, *handiwork*, sau da yawa tana nufin aika-aikar wani. *Handout* a jami'o'inmu takardun darasi ne da malami ke bayarwa, kuma wannan ma'ana tana nan a ƙamusun, amma a jaridun waje an fi amfani da ita wajen kuɗi ko abincin da ake raba wa mabuƙata, sau da yawa cikin sigar suka. Kuskure mafi yawa a rubutun insha'i shi ne *on the other hand*. Aikinsa kawo ɗaya ɓangaren magana don a auna, kamar a ce gidan na da arha amma kuma yana da nisa. Ba a ƙara hujja da shi, ba a kuma ƙaryata magana da shi, wannan aikin *on the contrary* ne.

A shafin intanet akwai ɗan akwatin asalin kalma da ake dannawa ya buɗe, kuma mutane ba su cika kula shi ba. Gajere ne, amma yana biyan wahala. A nan za a ga *hand* tsohuwar kalmar Turanci ce, 'yar uwar *Hand* ta Jamusanci. Idan aka bi dangi za a tarar *handle* da *handy* da *handful* duk daga ita suke, *handsome* kuma tun asali yana nufin abin da ke da daɗin sarrafawa a hannu kafin ya koma kyan sura, *handicap* kuma daga wani tsohon wasa ne da ake sa hannu cikin hula. Akwai ma hannun da ya ɓuya cikin kalmomin aro. Kalmar Latin ta hannu ita ce *manus*, ita ta haifi *manual, manuscript, manufacture, manipulate* da *manage*, wanda ya biyo ta Italiyanci da ma'anar sarrafa doki. Ta Girkanci kuma tana cikin *surgeon*, likitan tiyata, mai aiki da hannu. Tunanin dai guda ne, aiki da riƙo da iko. Ɗalibin da ya ga wannan ya rage wa kansa hadda mai yawa. Wanda ke son cikakken tarihin kowace ma'ana da shekarar da ta fara bayyana, wannan aikin babban Oxford English Dictionary ne, wanda wani ƙamus ne dabam, kada a rikita su.

Idan aka kwatanta da takwarorinsa, Longman yana saka adon magana cikin jerin ma'anoni masu lamba, abin da ke sa shigar *hand* ta yi tsawo ƙwarai amma komai na layi ɗaya. Collins COBUILD yana bayani da cikakkiyar jimla, wanda ke da daɗin karatu ga mai rauni a nahawu. Cambridge a intanet yana tura ka wani shafi don kowane adon magana, abin da ke cin data. Oxford ya fi su dacewa da wanda ke son ya ga iyalan kalma a wuri ɗaya da lakabi bayyananne, wato ɗan babbar sakandare, ɗalibin jami'a, malamin Turanci, mai fassara a gidan rediyo. Ga ɗan firamare ko ƙaramar sakandare ya yi nauyi, rubutun ƙanana ne kuma shafin a cushe yake. Akwai ƙananan ƙamusoshin Oxford da aka yi don wannan mataki.

Wajen saye, a yi hattara da na jabu, domin suna da yawa a kasuwannin littattafai. A buɗe tsakiyar littafin a duba ko launin kanun kalmomi ya fito sarai, domin a na jabu yakan dushe ya haɗe da sauran rubutu, kuma da launin nan ne ido ke rarrabe sashe da sashe. A duba lambobin shafi a wurare da dama ko an tsallake wasu ko an maimaita, a kuma ja bangon a hankali a ga ko ɗaurin zai riƙe littafin da ya haura shafi 1,500. Na asali sabo yakan zo da lambar sirri ta buɗe ƙarin darussa a intanet na wani ƙayyadadden lokaci, a tabbatar ba a riga an yi amfani da ita ba. Wanda kuɗinsa bai kai ba, bugu na 8 na 2010 ko na 9 na 2015 na hannu zai wadatar da shi a wannan fanni, domin maganganun da aka gina kan gaɓoɓin jiki ba sa sauyawa cikin shekara goma. Abin da zai rasa shi ne sababbin kalmomin zamani da alamomin mataki daga A1 zuwa C1 da bugu na 10 ya sa a gaban muhimman kalmomi da ma'anoninsu, waɗanda ke nuna wa malami ma'anar da zai fara koyarwa da wadda zai bari sai aji na gaba.